Winsor McCay da yadda ya sa zane ya yi numfashi

A zamanin fim marar sauti, majigi yana haska hotuna kusan 16 a kowace daƙiƙa. Ke nan minti ɗaya na katun yana cin zane kusan 960, in har kowane hoto za a zana shi daban. Da wannan lissafi ya kamata a auna aikin Winsor McCay, mai zanen jaridun birnin Niyok na Amurka, wanda ya fitar da katun ɗinsa na farko a 1911 ba tare da tarin ma'aikata ba, sai alƙalami da tawada da hannu mai saurin gaske.

Ba shi ya fara ba. J. Stuart Blackton ya yi nasa a 1906, Émile Cohl kuma ya yi Fantasmagorie a Faransa a 1908. Sai dai zanen nasu layuka ne masu sauƙi da ke rikiɗa daga wannan siffa zuwa waccan. Abin da McCay ya kawo shi ne nauyi da zurfi: abu ya matso kusa ya girma, ya yi nisa ya ƙanƙance, ya juya ka ga bayansa, kuma girmansa bai ɓaci ba. Ya riga ya ƙware a wannan tun a shafinsa na jaridar New York Herald, Little Nemo in Slumberland, wanda ya fara fitowa a 1905. Ban da jarida, yana hawa dandamalin gidajen wasa yana zane da alli a gaban 'yan kallo.

Fim ɗin Little Nemo na 1911 ya ci zane kusan 4,000 a kan takarda mai shara-shara da ake kira takardar shinkafa, aka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a kamfanin Vitagraph. Duk wannan wahala, motsin bai wuce na minti huɗu ba. Daga baya ma ya bi hotunan da ke jikin fim ɗin ya shafa musu launi da hannu. A 1912 ya yi How a Mosquito Operates, labarin sauro mai haɗama da ya dinga zuƙar jinin wani mai barci, cikinsa yana kumbura, tashi yana gagararsa, har ya fashe. A nan aka fara ganin abin da ya fi damunsa, wato halitta mai hali, wadda mai kallo zai iya karanta tunaninta daga motsinta.

Gertie the Dinosaur, fim a kan wata ƙatuwar dabbar zamanin da mai suna Gertie, wanda ya fara nunawa a Shikago a watan Fabrairun 1914, shi ne ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan ne duk matsalolin sana'ar suka taru.

Ta farko ita ce bango. Fim ɗin yana da duwatsu da kogo da tafki da itace, kuma a lokacin McCay ba shi da hanyar ɗora Gertie a kan bango guda tsayayye. Dole kowace takarda ta ɗauki dabbar da bangon tare. Shi ya zana Gertie, wani matashin maƙwabcinsa mai koyon zane, John Fitzsimmons, ya riƙa ɗora takarda a kan zanen bango na asali yana kwafa, sau dubbai. Shara-sharar takardar ita ta sa hakan ya yiwu. Amma hannun ɗan adam ba ya maimaita layi daidai wa daida, shi ya sa in ka kalli fim ɗin za ka ga duwatsun suna ɗan rawa kamar ana kallonsu ta cikin hucin zafi. Wasu suna ganin wannan rawar ta ƙara wa fim ɗin rai, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba da gangan aka yi ta ba.

Ta biyu ita ce daidaita takardu. In zane ɗaya ya goce ko da kaɗan ne a ƙarƙashin kyamara, a kan allo hoton gaba ɗaya zai yi tsalle, domin majigi yana ninka kuskuren yadda yake ninka hoton. McCay ya sa alamomi a kusurwoyin kowace takarda, ya manna ta a kan kwali don kada ta lanƙwashe, sannan a dace alamomin wuri guda kafin a ɗauka. Yana kuma da wata na'ura da yake jera kwalayen a ciki ya juya da hannu, su riƙa wucewa da sauri, irin yadda yara suke zane a kusurwar littafin rubutu su sake shafukan da babban yatsa. Da ita yake gano inda motsi ya yi tsalle kafin a ɓata fim.

Ta uku, wadda ta fi muhimmanci, ita ce tsarin zanen kansa. Mai zanen da ya fara daga zane na 1 ya bi 2, 3, 4 har ƙarshe, yakan tarar da kan dabbar ya ƙanƙance ko ƙafarta ta sauka ba inda ya nufa ba, saboda ƙananan kurakurai suna taruwa. McCay sai ya zana farkon motsi da ƙarshensa tukuna, sannan tsakiya, sannan tsakiyar kowane rabi. A ce Gertie za ta ɗaga ƙafa cikin daƙiƙa ɗaya: a zana na 1 da na 17, sai na 9, sai na 5 da na 13, a ci gaba da cikewa. Haka girman jiki ba ya kuɓucewa, kuma an san tun farko tsawon lokacin da motsin zai ɗauka. Wannan dabara ce daga baya ta bai wa kamfanoni damar raba aiki, babban mai zane ya yi manyan zanuka, yara su cike tsakani. Abin lura kawai, in aka raba tazarar daidai ko'ina motsin yakan fito kamar na inji. Jiki mai nauyi a hankali yake tashi, a hankali yake tsayawa, don haka zanukan farko da na ƙarshe sai sun fi kusa da juna.

Ya kuma rage wahala ta hanyar maimaitawa. Numfashin Gertie, da rausayarta hagu da dama, jerin zane ne guda da ake ɗauka a sake ɗauka. McCay da kansa ya ce zanukan fim ɗin sun kai 10,000.

A dandamali, McCay yana tsaye gefen allo da bulala yana ba ta umarni. Ta cinye itace, ta jefa wata giwa mai gashi cikin tafki, ya yi mata faɗa ta fashe da kuka, ta shanye tafkin tas. A ƙarshe ya zagaya bayan allo, sai ga shi a zane a cikin fim ɗin, ta ɗauke shi sun tafi. Fim ba ya jiran mutum, don haka kowace kalma tasa sai ta faɗo a daƙiƙarta. William Randolph Hearst, mai jaridar da McCay ya koma a 1911, bai so wannan yawon dandamali ba, ya taƙaita masa shi. Kwafin da ya yaɗu a gidajen sinima wanda William Fox ya rarraba ne, inda rubutu a kan allo ya maye gurbin muryar McCay.

A 1914 ɗin dai Earl Hurd ya nemi rajistar dabarar zane a kan seluloyid, wata leda mai kauri garai-garai. A zana bango sau ɗaya, a ɗora ledar mai ɗauke da abin da ke motsi a kai. Hurd ya haɗa kai da John Randolph Bray, suka riƙa karɓar kuɗin lasisi daga masu amfani da ita. McCay ya yi aiki da ledar a The Sinking of the Lusitania na 1918, a kan jirgin fasinja da jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar ranar 7 ga Mayu, 1915, mutum kusan 1,200 suka halaka. Zane kusan 25,000, wata 22, fim na minti 12. Igiyar ruwan jerin zane 16 ne da Fitzsimmons ya yi, ana ta maimaita su. Ledar ma da nata ciwon kai: in aka jera da yawa bangon yakan dushe, tana kama ƙura da shatin yatsa, fitila kuma tana ƙyalli a kanta in ba a karkata ta daidai ba. Fim ɗin farfaganda ce ta yaƙi, ba a ɓoye ba, amma hayaƙin da ke tashi daga jirgin har yau abin kallo ne.

Kasuwa ba ta biya shi ba. Kamfanoni irin na Bray suna fitar da katun kowane mako da ma'aikata da yawa, shi kuwa ya shafe kusan shekara biyu a kan na Lusitania kaɗai. A 1921 ya fitar da gajeru uku, Bug Vaudeville da The Pet da The Flying House, daga nan ya koma zanen sharhi a jaridun Hearst har rasuwarsa a watan Yulin 1934.

Finafinan nasa a kan tsohon nau'in fim na naitiret aka buga su, wanda yake ruɓewa kuma yake kama wuta, don haka wasu sun lalace, wasu gutsattsari kawai suka rage. Abin da aka ceto yana ajiye a cibiyar adana finafinai ta Cinémathèque québécoise da ke Montreal a Kanada. Mai neman su a intanet ya duba saurin kwafin da ya samu. Fim ɗin da aka zana don hotuna kusan 16 a daƙiƙa, in aka sake shi a kan 24 na zamanin sauti, saurinsa zai ƙaru da rabi, Gertie ta daina taku da nauyi ta koma zabura.