Wasiƙa daga Saitama ta ƙasar Japan, ga masu tambayar wasan da suka gani a hannuna

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina lafiya, aiki alhamdulillahi. Tun da na saka hoton nan ina riƙe da na'urar wasa, saƙonni ba su yanke ba: wai da girmana me ya haɗa ni da wasan yara? Na yi muku alkawarin bayani kan takardun zama da inda ake samun naman halal, amma bari in fara sauke wannan.

Sanyi ne ya kai ni. A watan Janairu rana kan faɗi a nan kafin ƙarfe biyar, kuma ɗakin da nake haya ba ya riƙe ɗumi ko kaɗan. Da asuba ruwan alwala har cizon yatsu yake. Akwai wani gajeren teburi da suke kira kotatsu, da hita a ƙarƙashinsa da bargo a kewaye. In ka cusa ƙafafunka ciki, tashi sai dole. A nan nake kashe daren hunturu, ni kaɗai, ba zaure ba majalisa. Ran nan kewar gida ta dame ni, na fita na sayo Pokémon Let's Go, Pikachu, wasan kamun wasu halittu da kiwonsu, wanda ya fito a 2018 a kan na'urar Nintendo Switch. Sabunta Pokémon Yellow na 1998 aka yi.

Waɗanda muka taso tare za su tuna Game Boy ɗin gwanjo da Yaya ya kawo mana. Batir huɗu yake ci, in sun yi sanyi mu shanya su a rana. Fuskarsa ba haske, da dare sai a gindin fitila. Kaset ɗin Pokémon ɗin kuma wurin ajiya ɗaya gare shi, shi ya sa mu shida muke kiwon halittu iri ɗaya, kowa da zagayensa. Ranar da ƙaninmu ya fara sabon wasa ya goge aikin wata uku, har kuka aka yi a soro. A cikin wasan nan na fara karanta Turanci don kaina, domin in ba ka gane abin da aka rubuta ba, ba za ka san hanya ba.

Sabon ya zo da sauƙi mai yawa. Da can kana kutsawa cikin ciyawa ba ka san abin da zai faɗo maka ba. Yanzu kana ganin halittun suna yawo, ka zaɓi wadda kake so. Ba sai ka yi faɗa da su kafin kamu ba, jifa kawai za ka yi da ƙwallo, irin na Pokémon Go da ake yi a wayar hannu. Kyau kam ya yi kyau, ranar da na ji kiɗan garin farko sai da na ajiye na'urar na yi shiru. Sai dai fargabar nan ta da babu ita, kuma ni ita nake nema.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ƙasar da ke cikin wasan sunanta Kanto, kuma yankin da nake zaune ke nan, Tokiyo da kewayenta. Wanda ya ƙirƙiro Pokémon, Satoshi Tajiri, a Machida da ke gefen Tokiyo ya taso yana kamun ƙwari a daji da bakin tafki, har gine-gine suka cinye wuraren. Wannan sha'awar ce ya zuba a na'ura, wasan farko ya fito a 1996 da halittu 151. Da na san haka sai na tuna kamun fara da shinge bayan ruwan farko, da yadda muke tono gyare. Mu an ce mana shiririta ce. Shi ya sa nake roƙon iyaye, in kun ga yaro ya ƙwallafa rai a kan abu irin wannan, ku zauna ku tambaye shi me ya gani a ciki kafin ku ƙwace. A sa masa lokaci, salla da karatu su zo gaba, amma a saurare shi.

Tun asali ma an gina wasan yadda mutum ɗaya ba zai kammala shi ba. Wasu halittun, irin su Kadabra da Haunter, ba sa rikiɗa sai an yi musaya da wani. Da can sai da waya tsakanin na'ura biyu, mu kuwa ɗaya gare mu. Yanzu ta intanet ake yi, ku biyu ku zaɓi hotuna uku iri ɗaya ku haɗu.

Takardun zama sai wasiƙa ta gaba. A taƙaice dai, kada katin zamanka ya bar aljihunka. Kadabra ɗina na nan na ƙi ba baƙo. In akwai mai Switch a cikinku, ya yi mini magana bayan isha'inku, lokacin mu nan asuba ta kusa, ina farke.