Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Watan da aka raba ni da wuta da hayaƙi

A makon jiya na tsaya ne a inda na bar shagon tace bidiyon biki a Kano, na hau motar Abuja da jaka ɗaya da laftof. Masu tambaya me ya hana ni wucewa Legas, tunda can ne manyan masu harkar katun da siddabarun fim na kwamfuta suka fi yawa, amsar ba ta da tsawo: a Abuja nake da ɗan'uwan da zai ba ni wurin shimfiɗa tabarma.

Ma'aikatar da ta ɗauke ni ɗaki biyu ce da falo. Tallace-tallace suke yi, da gajerun katun na wayar da kai, wani lokaci kuma 'yan fim su kawo aikin siddabaru. Ni da After Effects, manhajar siddabarun bidiyo, na je musu, don da ita na ci abinci a Kano. In sa sunan ango da amarya ya fito cikin walƙiya, in ɓatar da aljani, in sa boka ya jefa wuta daga tafin hannunsa. Oga, wani Bakatsine marar yawan magana, ya kalli ayyukan nan bai ko gyara zama ba. Da ya gama sai ya ce, "Hannunka da sauri, malam. Amma nan mutum ɗaya ba ya yin komai da komai. Wanne za ka riƙe?"

Ban taɓa jin irin wannan tambaya ba. Sai ya zaga da ni teburi-teburi. Ga mai zana labarin hoto bayan hoto tun kafin a kunna kwamfuta. Ga mai ƙera surar mutum ko mota. Daga hannunsa surar ke zuwa wurin mai ɗaura mata ƙasusuwa da gaɓoɓi, don in ba su, ko yatsa ba za ta iya lanƙwasawa ba. Sannan mai motsa ta, sannan mai haske, daga ƙarshe mai haɗa komai wuri ɗaya. Tamkar babbar riga dai: masaƙi daban, marini daban, maɗinki daban, mai aikin wuya daban, mabugi ma yana jiran nasa. A ƙaramin wuri irin namu mutum kan riƙe biyu ko uku, amma kowa an san da wanne ake kiransa.

Aikin farko da aka ba ni shi ne yankan mutum daga hoto. Wani darakta ya ɗauki ɗan wasa yana tafiya a titi ba tare da koren ƙyallen da ke sauƙaƙa sauya wuri a bayansa ba, daga baya ya ce yana son a mai da shi cikin hamada. To sai a bi gefen jikinsa da layi, firem bayan firem, wato hoto bayan hoto, kuma kowace daƙiƙa ta fim firem 24 ce. Wannan dabara ta bin hoton mutum da zane tsohuwa ce, Max Fleischer ya ƙirƙiro na'urarta a Amurka tun 1915, kuma har gobe ta nan sabbin shiga da yawa ke kama aiki. Babu daɗi ko kaɗan. Amma a nan na fara ganin abin da ido ba ya kamawa da gudu: yadda hannu ke dusashewa in ya wulga, yadda hasken ƙasa ke komawa ƙarƙashin haɓa, yadda inuwar rana tsaka take da kaifi ta yamma kuwa take miƙewa. Wutar bokan da nake alfahari da ita, sai a lokacin na lura ba ta haska fuskar bokan.

Daga nan Oga ya tura ni wurin mai motsi, wani ɗan Jos da ke jin Hausa kamar jakin Kano. Shi kuma ƙwallo ya ba ni, wai in sa ta yi tsalle a Blender, manhajar ƙera surori da motsa su. Ƙwallon roba, sannan ta ƙarfe, sannan balan-balan, kuma mai kallo ya bambance su ba tare da an sa musu launi ba. Duk sirrin yana cikin tazarar da ke tsakanin firem da firem. Abu mai nauyi yana jinkirin tashi, yana jinkirin tsayawa. A shekarar ce, 2019, Blender 2.8 ta fito da sabuwar fuska, kuma kasancewar kyauta ake sauke ta tun 2002 ya sa ƙananan ma'aikatu irin tamu suka rungume ta maimakon biyan kuɗin manhajar Maya duk shekara. Masu raina ta a lokacin sun sha mamaki a 2025, da wani fim na ƙasar Latbiya da aka yi da ita ya lashe kyautar Oscar ta zane mai motsi.

Abin da ya fi zauna mini shi ne darasin tafiya. Taku ɗaya gaɓa huɗu ne: dunduniya ta taɓa ƙasa, jiki ya sauka da nauyinsa, ƙafar baya ta wuce, jiki ya ɗaga. Wannan kowa zai samu a intanet. Abin da ba ya intanet shi ne tafiyar mutanenmu. Bidiyon koyarwa duk mutum ne da wando da 'yar shat, mu kuwa tallar da muke yi ta wani dattijo ce mai babbar riga da 'yarsa mai tallan fura. Sai ɗan Jos ya ce in rufe kwamfuta in tafi tasha da littafi da fensir. Na zauna ina kallo. Mai kaya a ka, kanta ba ya hawa ba ya sauka, ƙugu da gwiwa ne ke shanye girgizar. Mai babbar riga ba ya wurga hannu kamar mai shat, yakan naɗe hannun rigar bisa kafaɗa, in ta zame ya sake ɗaga ta ba tare da ya sani ba. Wannan ɗaga rigar kaɗai da muka sa wa dattijon, masu tallar suka ce ya yi kama da kawun kowa. Shi ya sa in matashi ya tambaye ni wace manhaja zai koya, nakan fara da tambayarsa ko yana zane da hannu, ko ya iya zama ya kalli mutane.

A kusurwar falo akwai wata baiwar Allah da ta karanta kimiyyar kwamfuta, tana haɗa wani ɗan wasan waya da Unity, manhajar haɗa wasanni, bayan an tashi aiki. A wurinta na ga lissafin da muke gudu a sakandare yana aiki. In ɗan wasa zai harba abu, sai an san kusurwa da nisa da gudu. Ta nuna mini cewa fim yana da damar ɓata sa'a guda wajen fitar da firem ɗaya, wasa kuwa dole ya fitar da 30 ko 60 a daƙiƙa ɗaya, a wayar da ba ta da ƙarfi. Don haka mai zana wa wasa dole ya iya tsimi, ya rage kusurwoyin sura ba tare da ta munana ba. Ita da yaren kwamfuta na C# take rubutu, amma ni yaren Python ta ce in koya, tunda ita Blender ke ji, kuma layi goma kan iya sauya sunan fayil ɗari.

Lissafin ya biyo ni har teburina. Minti ɗaya firem 1,440 ne. In kowane zai ci minti 5 kafin kwamfuta ta gasa shi, wato ta fitar da cikakken hotonsa, sa'a 120 ke nan, kwana 5 cur, in wuta ba ta ɗauke ba, kuma kun san hali. Shi ya sa ba ma fitar da aiki a dunƙule a matsayin bidiyo, sai hoto-hoto, don in janareto ya mutu a firem na 900 a ɗora daga na 901.

Sai kuma gyara. Kowace safiya akan haska aikin jiya a bango, kowa na kallo, Oga ya ce ƙafar nan tana zamewa, idon nan ya mutu. Ba a gardama, ba a fushi, rubutawa ake yi. Na ga mai baiwar zane da bai daɗe da mu ba saboda wannan zama na safe kawai ya fi ƙarfinsa.

Ƙarshen wata na kira Inna na ce an biya ni. Ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta ce, "To wai har yanzu 'yan tsanan nan ne kake wa rawa?" Na ce su ne, Inna. Ta ce in dai halal ne Allah ya yi albarka.

Washegari Oga ya kira ni ofis ya ce lokaci ya yi da zan amsa tambayarsa ta ranar farko, kuma in haɗa zaɓaɓɓun ayyukana da ba za su wuce minti ɗaya ba, akwai wanda yake so ya tura wa a Legas. Abin da na zaɓa, da abin da mutumin Legas ya ce, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.