Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Ranar da na rataya a igiya a Korsika

Assalamu alaikum jama'a. Satin da ya wuce mun tsaya inda abokin ɗakina ɗan Senegal ya rubuta sunana a wata tafiya ba tare da ya tambaye ni ba, wai tunda an gama jarrabawa sai mu je mu sha iska. To ga yadda shan iskar ya kaya.

Wannan a 2019 ne, ina karatu a jami'ar garin Corte, can tsakiyar tsibirin Korsika na Faransa. Da asuba muka kama hanya muka gangara bakin teku ta Aleria har Solenzara, daga nan mota ta fara hawa duwatsun Bavella, kwana kan kwana har cikina ya fara juyawa. Kwazazzabon da za mu shiga sunansa Purcaraccia, ni dai har yau ban iya faɗinsa daidai ba. Abin da ake yi kuwa shi ne ka hau can sama da ƙafa, sannan ka biyo ruwa ka sauko, inda ya zame ka zame, inda ya faɗo daga sama kai ma a ɗaura maka igiya ka bi shi.

Ni fa ɗan Damagaram ne, dutse ba baƙona ba ne, a kan manyan duwatsun Birni muka yi wasan ƙuruciya, kuma irin dutsen ne, giranit. Sai dai namu rana ta gasa shi yana kama tafin ƙafa, wannan kuwa ruwa ya shekara dubbai yana lasarsa har ya koma sumul kamar cikin turmi. Iyo kuma abin da na iya na tafki ne da damina, wanda in Inna ta ji labari sai bulala.

Mun fi awa ɗaya muna hawa da kaya a baya. A sama jagoranmu ya raba mana rigar roba mai kauri wadda sai da mutum biyu suka taya ni cusa jiki, da hular kwano, da ɗamarar da ke zagaye ƙugu da cinya, a gabanta an maƙala wani ƙarfe mai siffar lamba 8, ta cikinsa igiya ke bi. Kafin mu taɓa ruwa ya tsaya ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce mana a wurin nan ruwan da ke gabanka ba shi ne abin tsoro ba, wanda ke sauka can kan dutse inda ba ka gani shi ne, don dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zubo cikin kwazazzabo yake tarowa. Kowa ya yi tsit, don ba wanda ya manta a watan Agustan 2018 ambaliya ta ci mutum 5 a kwazazzabon Zoicu, a tsibirin nan, har da jagoransu.

Zamiyar farko daɗi ma ta yi, ka kwanta ka rungume hannu a ƙirji ruwa ya tafi da kai, tinjim! Sanyin ne dai wallahi kamar an mare ni, haƙora suka dinga kaɗawa.

Sai muka iso babbar, kusan mita 40. Na leƙa na hango waɗanda suka riga mu sauka kamar ƴan tsaki. Jagora ya zura igiya a ƙarfen nan, ya ja ɗamarata sau biyu ya gani, ya ce in juya wa ramin baya in kwanta a kan iska. In kwanta fa! Hannun dama a ƙasa kusa da ƙugu riƙe da igiya, kar in kuskura in saki, ƙafafu a buɗe a kan dutse. Na karanto duk addu'ar da ta zo bakina har da ta cin abinci. Taku biyar na yi lafiya, a na shida ƙafa ta zame, kafaɗata ta bugu da dutse, ruwa ya dinga dukan hular nan kamar ana kiɗan kalangu a kaina, ba na ji ba na gani, abu ɗaya kawai na sani, hannun dama. Haka na dinga sakin igiyar kaɗan kaɗan har na ji ƙafata a ruwa.

Abin da bai zo min a rai ba sai da jagora ya sauko a ƙarshe, ya kama bakin igiya ɗaya ya ja, ta zare daga sama ta faɗo gabanmu a naɗe kamar maciji. Na ɗaga kai na kalli inda muka fito, ko ƙadangare ba zai hau wurin nan ba. Ɗan Senegal yana ta dariya yana cewa ɗan'uwa ya ka gani, ni kuwa jagora nake kallo, don ya daina naɗe igiyar ya sake ɗaga kai sama, kuma ta wajen tsinin duwatsun Bavella gari ya fara yin baƙi.

Mu haɗu sati mai zuwa in Allah ya kai mu.