Akwatin shuka a tsakar gida

Tun da aka dafe tsakar gidanmu da siminti na rasa inda zan shuka ko da alayyahu, shi ya sa na shiga neman akwatin shuka, irin wanda ake cika shi da ƙasa a ɗora a kan daɓe.

A nan Kano, na fara da kasuwar 'Yan Katako a Na'ibawa. Katako yana da kyau, ba ya ɗaukar zafi, amma gara fa? A garin nan, katakon da yake shan ruwa kullum abincinta ne, sai dai a ɗaga shi a kan bulo a shimfiɗa leda daga ciki. Na ƙarfe kuwa, da maƙera ke haɗawa da kwanon rufi daga kasuwar Ƙofar Ruwa, ya fi ƙarko. Abin da ya hana ni shi zafin watan Afrilu ne, lokacin da rana ke haura digiri 40: kwanon zai gasa saiwar da ke gefe. Na roba rana ce ke tsattsaga shi.

Wani dattijo mai lambu ya ce min, “Hajiya, zurfi za ki duba kafin kyau.” Gaskiyarsa. Latas da alayyahu santimita 20 zuwa 30 ya ishe su, tumatir da attaruhu suna son abin da ya fi haka. Faɗin kada ya wuce inda hannu zai kai tsakiya. Kuma dole a huda ƙasansa, don ruwan Agusta ba ya wasa.

Katakon na saya. Yanzu ruɓaɓɓen takin awaki nake nema, wa yake da shi a kusa da Gwale?