Da ruwa ya sauka, 'yar rainona ta tafi gona

Ran Alhamis da dare aka yi ruwan kirki na farko, irin wanda ke cika kwalbati ya bar kwaɗi suna kuka har asuba. Juma'a da safe ina ɗaura ɗankwali waya ta shigo. Mahaifin yarinyar da ke yi mini raino ne, daga wani ƙauye can wajen Dogo. Muka gaisa, ya tambayi maigida, ya tambayi gajiya, sannan ya ce, "Hajiya, ƙasa ta jiƙu. A sallamo mana ita, ga shuka ga kai abinci gona." Me zan ce? Ɗiyarsa ce. Asabar da hantsi na raka ta tasha da 'yar jakarta, da sabulu da turmin atamfa.

Ɗiyata shekararta 3. Jardan ɗinsu an rufe tun ƙarshen Yuni, kuma ba a komawa sai Oktoba. Maigida yana Agadas wajen aiki. Ni kuwa ran Litinin ƙarfe 8 dole in kasance bakin aikina, ba na tashi sai bayan la'asar, Juma'a kaɗai ke rabin yini. Abin haushin shi ne duk shekara haka ake yi a Damagaram: babban hutun lakkwal da damina tare suke zuwa, sai 'yan aiki su watse ƙauye daidai lokacin da yara ke zaune gida. Na san da haka sarai. Kawai na sa a raina bana ba za ta tafi ba.

Surukata tana Mirya, kilomita 18 daga nan, kuma da na kai mata jikarta da hannu biyu za ta karɓa. Amma ita ma tana da gona, kuma wata uku ban ga yarinyar ba sai ƙarshen sati, zuciyata ba ta ɗauka ba. Makarantar allo ta unguwa kuwa awa biyu ce da safe, ba wurin ajiye yaro ba ce.

Sai na yi abin da kowa ke yi, na aika aka turo mini ɗiyar yayata daga Garin Malam, 'yar shekara 13, ita ma tana hutu. Kwana biyu lafiya lau. Ran Laraba na dawo a kabu-kabu, tun daga bakin lungu na hango ɗiyata tsugune gefen kududdufin da ruwa ya bari bayan gidanmu, da gwangwanin tumatir a hannu tana ɗiba, ruwan har ƙaurinta. Mai rainon tana zaure, ta duƙufa kan waya. Ban dake ta ba, ko faɗa ban iya yi ba, ƙafafuna ne suka ƙi ɗaukata. Yarinya ce na ba yarinya. Duk wanda ya girma a garin nan ya san abin da tafki da ramukan da aka haƙi ƙasar gini ke yi wa yara da damina.

Da daddare na shiga gidan da ke kallon namu, wurin wata tsohuwa da duk lungun ke kira Iya. Ƙosai da koko take yi da safe, kafin ƙarfe 9 ta gama, sauran yinin tana tsakar gida da jikokinta biyu. Ƙofarta tana da sakata sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa, abin da na fara dubawa ke nan. Na durƙusa na faɗi damuwata. Ta ce, "Haba ɗiyata, wannan har sai kin roƙa? Kawo ta."

Nan ne fa na kusa yin kuskure na biyu. Na buɗe baki zan yi maganar kuɗi, kunya ta kama ni. Ita ma da na ɗan taɓo zancen sai ta ce in bari, ai jikarta ce. Da na bi ta tata, da na yi godiya na fito, sannan bayan sati biyu a fara ɗan sanyin fuska, ni ban san dalili ba, ita kuma ba za ta faɗa ba. Ciyar da yaro sau biyu a yini lokacin da hatsi ya fi tsada ba wasa ba ne, kuma ruwan wanke shi ma a Zinder saye ake yi wurin 'yan garuwa idan famfo ya ɗauke. Sai na sauya hanya. Na ce, "Iya, ba ladan raino ba ne, wa ya isa ya biya ki? Kuɗin cefanen yaran ne." Muka tsaya kan jika 10 a wata, da tiya biyu ta gero duk sati, da sabulu, kuma ni ke biyan garuwa ɗaya kullum. Ta yi dariya ta ce 'yan boko ba ku barin magana a duhu.

Duk da haka akwai abin da na bari a duhun. Daga Yuli zuwa Oktoba ma'aikatan lafiya na bi gida-gida sau ɗaya a wata suna ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Na kwana 3 ne: na ranar farko a gabansu ake sha, sauran biyun a bar wa mai kula da yaro. Sun zo ina wurin aiki, suka ba ɗiyata a gidan Iya, suka bar sauran. Iya ta ga yarinya lafiyarta ƙalau, ga maganin da ɗaci, sai ta ƙulle shi a bakin zane ta ce a ajiye sai ranar da jiki ya yi zafi. Sai bayan kwana biyar na ga katin cikin jakar kayanta. Laifina ne, ban taɓa gaya mata cewa wannan na mai lafiya ba ne. Zagaye na gaba na roƙi a ɗaga mini ƙafa awa ɗaya wurin aiki, na zauna muka ba ta tare, aka narka ƙwayar a cokali da ɗan sukari. Na kuma kai sange na ɗaura a ɗakin da suke barcin rana, na rubuta lambata da gawayi jikin bango don jikanta babba ya kira ni in wani abu ya taso.

Ranakun Alhamis ne kawai suka zame mini ciwon kai, don Iya ba ta fashin cin kasuwar Dole. Wata abokiyar aikina da ke hutun haihuwa a Karkada ta riƙa karɓar mini ita ranar, ni kuma in ɗauki manyan yaranta biyu ran Asabar ta samu ta yi barci.

Yarinyar Dogo ta dawo bayan an yanke hatsi, ta yi baƙi ta rame, ta kawo mana kuɓewa busassa da gyaɗa a ƙullin leda. Ɗiyata ta kalle ta, ta ɓuya bayan zanena, sannan ta ɗauki takalminta ta tsallaka gidan Iya shan koko.