Sai da ƙafata ta hora ni kafin na iya zaɓen takalmin gudu

Washegarin ranar da na fara gudu da siririn takalmin nan mai sa ka ji kamar ba takalmi a ƙafarka, da baya-baya na sauko daga bene. Sharaɓata duka biyu sun ɗaure tamau kamar an cusa musu duwatsu, in na ce zan taka matakala ta gaba sai in ji kamar agarata za ta tsinke. Haka na riƙa dafa bango ina saukowa ɗaya-ɗaya, ni da jiya-jiyan nan na dawo gida ina cika baki wai na gano sirrin gudu.

Ciwon gwiwa ne ya kai ni ga wannan takalmi. Shekara uku ina gudu da irin takalman da kowa ya sani, masu kaurin ƙasa da tulin soso a dunduniya, kuma duk sanda na wuce kilomita 15 sai gwiwata ta dama ta fara yi min magana, can ƙarƙashin ƙoƙon. Ga shi na riga na ƙudurta sai na yi cikakken gudun fanfalaki, kilomita 42 da mita 195. Garin neman mafita na faɗa karance-karance. Na karanta labarin Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Na karanta na mutanen Raramuri da ke tsaunukan arewacin Meziko, masu wuni suna gudu da takalmin da suke yankowa daga tsohuwar tayar mota su ɗaure da igiyar fata. Wata 'yarsu, María Lorena Ramírez, da irin wannan takalmi ta zo ta ɗaya cikin mata a tseren kilomita 50 da aka yi a jihar Puebla a 2017. Sannan ga binciken Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da mujallar Nature ta buga a 2010, wanda ya nuna cewa waɗanda suka saba gudu ba takalmi galibi da gaban tafin ƙafa ko tsakiyarsa suke sauka, masu takalmi kuwa da dunduniya, kuma sauka da gaban ƙafa yana rage bugun nan na farko mai kaifi da ke ratsa jiki.

Abin da nake so in ji shi kaɗai na ji. Ban tsaya na lura cewa binciken nan bai ce hakan yana hana rauni ba. Ban kuma damu da cewa shi kansa Bikila, da ya je Tokyo a 1964, da takalmi ya yi gudun ba, har ya rage sama da minti uku a kan lokacinsa na Rum.

Ga wanda bai taɓa riƙe irin takalmin ba: in ka kama shi za ka iya naɗe shi kamar tabarma, hanci ya taɓo dunduniya. Ƙasansa bai fi 'yan milimita ba, gabansa yana da faɗi don yatsu su baje, ba shi da wani tudu da ke tallafe tsakiyar tafin ƙafa. Amma abin da ya fi komai tasiri a jiki ba a cika ganinsa da ido ba, wato bambancin tudun dunduniya da na wajen yatsu. A takalmin gudu na yau da kullum dunduniya takan fi tudu da milimita 8 zuwa 12. A wannan kuwa daga sifiri ne zuwa 4. Santimita ɗaya ce fa kawai, amma agarar da ta shekara da shekaru tana aiki a ɗage, rana ɗaya ka sauke ta ƙasa, dole ta miƙe fiye da yadda ta saba a kowane taku. Nawa na sifiri ne. Ranar farko kilomita 12 na yi da shi, don daɗi: ina jin kowace tsakuwa, ƙafa sakayau, gwiwa shiru.

Da tsamin sharaɓar ya lafa bayan kwana huɗu sai na ɗauka na ci jarrabawa. Na jefa tsohon takalmina a lungu, na ci gaba da jadawalin atisayena yadda yake, ban rage ko kilomita ɗaya ba. A sati na biyar wani ciwo ya ɓullo a saman ƙafata ta hagu, wuri ɗaya tak, daidai bayan yatsa na biyu. Da farko sai na yi nisa yake tashi. Daga baya ko daga gado na sauko yana nan. Likitan da ya duba ni yatsa ɗaya ya sa ya danna wurin, na zabura har na kusa faɗowa daga kan gadon. Hoton farko bai nuna komai ba, na biyu da aka ɗauka bayan sati uku shi ya fito da ita, 'yar siririyar tsaga a ɗaya daga cikin dogayen ƙasusuwa biyar ɗin nan da ke tsakiyar ƙafa.

"Malam," in ji shi, "numfashinka ne ya yaudare ka. Zuciya da huhu sun riga sun saba da nisa, su ba ruwansu da abin da ka sa a ƙafa. Ƙashi da agara kuwa watanni suke so. Ka ɗora musu aikin da ba ka koya musu ba."

Sati takwas ban yi gudu ba. Tseren da na yi wa rajista a waya na kalli hotunansa. A zaman jinyar ne na ci karo da wani bincike da aka yi a Jami'ar Brigham Young ta Amurka a 2013, inda aka sa masu gudu su koma siririn takalmi mai yatsu biyar a cikin sati goma, aka duba ƙafafunsu da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, kafin da bayan. Goma daga cikin goma sha tara an ga kumburi ya ƙaru a cikin ƙasusuwan ƙafarsu. Su da aka ce su bi a hankali ke nan. Ni da na yi tsalle ɗaya na faɗa fa? Ban ga laifin takalmin ba, gaskiya, laifin nawa ne.

Akwai wani dattijo da muke haɗuwa a filin atisaye, ya haura sittin, gudunsa kamar kyanwa, ba ka jin sawunsa. Da na dawo ina ɗingishi na ba shi labari, sai ya ce, "Ɗana, kar ka yar da takalmin. Amma ka fara da tafiya a cikinsa tukuna." Haka na yi. Wata guda tafiya kawai. Sannan gudun minti biyar a ƙarshen atisaye, in tsaya in cire mai kaurin in sa siririn, mutane suna kallona. Kowane sati in ƙara kaɗan, in na tashi da safe na ji wani wuri guda yana zafi in aka danna, sai in koma baya. Kullum kuma in hau bakin matakala da yatsu, in ɗaga, in sauke dunduniya a hankali har ta wuce bakin matakalar, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai gundura, amma shi ya gina min sharaɓa. Ya kuma sa ni in riƙa ƙirga takuna. Ina yin kusan 160 a minti, ƙafa tana sauka can gaba da jikina. Da na gajarta takun na kai wajen 172, sai ƙarar nan ta faf-faf da nake yi a kan kwalta ta ragu da kanta, ban ma yi tunanin wane ɓangaren ƙafa ke fara taɓa ƙasa ba.

Bayan wata goma na shiga tseren rabin fanfalaki, kilomita 21, da siririn takalmin. Har kilomita 16 lafiya lau. Daga nan tafin ƙafata ya ɗauki zafi kamar ina taka garwashi, sharaɓa ta gaji, sai na ji dunduniya ta fara dukan kwalta kai tsaye, babu abin da ke tsakaninsu sai 'yar roba. Na gama dai, amma a kan hanyar gida na yi lissafi: in zan yi awa huɗu da minti ashirin a cikakken tseren, da taku 170 a minti, sama da taku dubu arba'in da huɗu ke nan. Wanda zai yi dubu goman ƙarshe gajiyayyen mutum ne, ba ni da nake tsaye a kanti da ƙarfina ina lanƙwasa takalmi ba. Don wancan gajiyayyen ya kamata in yi zaɓin.

Na ware wata uku don gwaji, da takalma uku. Akwai siririn nawa na sifiri. Akwai wani shi ma dunduniyarsa daidai take da gabansa, amma yana da soso mai ɗan kauri. Na ukun bambancinsa milimita 4 ne, ƙasansa matsakaici, yana lanƙwasuwa sosai a wajen yatsu. Wajen saye na koyi wasu dabaru da ban san su ba a da. Da yamma nake zuwa gwaji, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da zan sa ranar tsere. In zaro shimfiɗar cikin takalmin in ajiye a ƙasa in tsaya a kai. In ɗan yatsana ya leƙo waje, takalmin ya matse, ko me aka rubuta a kwalinsa. In bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba, don a dogon gudu ƙafa tana ƙara kumbura, kuma a gangara yatsu suna zamewa su daki hanci, abin da ke baƙanta farce ke nan har ya fita. Kalmar da kamfani ya liƙa wa takalmi kuwa na daina kula ta, don na ga wanda aka kira siriri alhali ƙasansa ya fi katako tauri.

Kowanne sai da na yi gudun kilomita 28 zuwa 32 da shi, a kan kwalta, a hanyar da ke da doguwar gangara kusa da ƙarshe, don na duba taswirar tseren na ga haka take. A nan kowa ya nuna halinsa. Siririn ya sake yi min abin da ya yi a baya, tun daga kilomita 22. Na biyun ya kare tafin ƙafa, amma washegari agarata ta dama ta tashi a sanƙare, sai da na yi 'yar tafiya kafin ta saki. Na ukun bai burge ni ba a farko, ba na jin ƙasa yadda nake so. Sai dai a gangarar ƙarshe, inda jiki ya riga ya saki, shi kaɗai ne ban tuna da shi ba sam har na tsaya.

Bari in faɗi wata gaskiya da masu son siririn takalmi ba su cika faɗa ba. In lokaci kake nema, duniyar gudu ta juya wani ɓangaren. Da Eliud Kipchoge na Kenya ya yi nisan fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na Ostiriya a 2019, takalminsa tulin soso ne da faranti mai tauri a ciki, har a 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade cewa kaurin takalmin tseren kan titi kada ya wuce milimita 40. An daɗe da auna cewa kowane giram 100 da aka ƙara wa takalmi yana cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin mai gudu, amma soso mai kyau shi ma yana ɗauke wa tsoka wani aikin, shi ya sa rashin nauyi kaɗai bai isa hujja ba. Ni ba kambu nake nema ba. So nake in gama gwiwata ba ta kumbura ba, kuma a wannan siririn takalmi ya taimake ni. Nauyin dai bai ɓace ba, ƙaura ya yi daga gwiwa ya koma idon sawu da sharaɓa, ni kuwa can na fi iya ɗaukarsa. Wanda ciwonsa a agara yake ko a tafin ƙafa, lissafinsa zai iya zama akasin nawa.

Da na ukun na shiga tseren. Na riga na yi kusan kilomita 150 da shi, ya san ƙafata, na san inda igiyarsa ke cizo na sassauta ramin. Rabin farko ba abin faɗa. A kilomita 31 sharaɓar hagu ta fara ɗan motsi kamar za ta ɗaure, na gajarta taku, na rage sauri, ta haƙura. Daga 36 ban ƙara tunanin salon gudu ba, farin layin titi kawai nake bi ina ƙirga fitilun kan hanya. Awa huɗu da minti ashirin da shida. Na zauna a gefen titi na cire takalmin: bororo ɗaya a gefen babban yatsa, farata goma cif, gwiwa ba ta ce uffan ba.

Bayan kwana biyu hotunan tseren suka fito. Akwai ɗaya da aka ɗauka wajen kilomita 39, na kai wa dattijon nan a waya. Ya ƙura masa ido, ya buɗa shi da yatsu biyu har ƙafar ta cika fuskar wayar. Ga ni nan baki buɗe, kafaɗu sun zube, ƙafar dama ta miƙe can gaba, yatsu suna kallon sama, dunduniya ce zalla za ta fara dira a kan kwalta.

Ya miƙo min wayar yana dariya. "Shekara ɗaya da rabi kana koyon sauka da gaban ƙafa, ɗana. Wannan kuma waye?"

Na ce, "Baba, shi ne wanda na saya wa takalmin."