Hajiya tana jin muryarta tana dawo mata, ashe daga gidana ne

Wata uku cur ina ɗora wa sabis ɗin garinmu laifi, wallahi har yanzu abin na damuna in na tuna. Mu nan Ingila ana ta kashe tsohon layin waya na ƙasa, an ce zuwa Janairun 2027 kowa zai koma na intanet, to ni tun bara na sayi ɗan akwatin nan da ake kira ATA, mai haɗa wayar gida da intanet, na hannu ne wani ya kawo daga Amurka, na jona shi da rauta, na samu lamba mai arha ta kiran Najeriya. Dalili ɗaya ne ya sa na yi duk wannan, Hajiya. Ƙaramar waya mai madannai take riƙewa, ba ruwanta da WhatsApp, kuma ina so yara su riƙa ɗaga wayar gida da kansu duk Juma'a su gaida kakarsu.

Tun kiran farko ta ce, "Kai, wa ke maimaita maganata ne?" Na ce Hajiya ba kowa, sabis ne. Ni a ɓangarena tas nake jin ta. Sai ta fara magana ta tsaya, ta sake farawa ta tsaya, saboda duk abin da ta faɗa yana dawo mata kunne bayan ɗan lokaci, kuma duk wanda ya taɓa gwada magana ana mayar masa da muryarsa ya san ba ta yiwuwa, harshe sarƙewa yake. Matar da in ta fara ba da labarin unguwa sai an yi awa guda, ta koma "lafiya lau, Allah ya yi albarka, a gaida yaran", minti biyu ta ajiye. Na sa ƙanina ya canza mata sim, ya canza waya, har bakin ƙofar zaure ya riƙa fito da ita wai ko sabis ya fi ƙarfi a can. Tsohuwa da ciwon gwiwa.

Abin da ban sani ba a lokacin, kuma shi ya sa nake wannan rubutun: wanda yake jin amsa-kuwwar muryarsa, yawanci ba a wajensa matsalar take ba, tana can ɗaya ƙarshen layin. Muryar Hajiya tana tasowa ta iso gidana, wani abu a gidana ya mayar da ita. Ni ba zan taɓa ji ba tunda ba tawa ce ke dawowa ba.

Hanya biyu murya ke komawa. Ko dai ta fito daga lasifikar waya ta sake shiga makirufo, kamar in an sa hansfiri ko an ƙure ƙara, ko kuma tun a cikin igiya ta juya, saboda wayar gida silin waya biyu ne kawai ke ɗaukar magana mai zuwa da mai tafiya, to a inda akwatin ke raba su in awon lantarkin akwatin da na wayar bai daidaita ba sai wani kaso ya koma inda ya fito. Tsohon layi ma yana yin haka fa, sai dai muryar tana dawowa nan take ta haɗe da wadda kake furtawa ba ka lura. Da zarar jinkirin ya wuce kamar milisakan 25 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya) kunne ya fara rarrabewa, to ina ga kiran da zai bi intanet ya tsallaka teku sannan ya shiga hasumiyar sabis a Najeriya, ya kuma dawo ta wannan hanyar. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai lamba G.114 ma cewa ta yi tafiya ɗaya kada ta wuce milisakan 150 in ana son hira mai daɗi. Kenan intanet ba shi ke haifar da amon ba, shi dai yana jinkirta shi ne har a ji.

Gwajin da ya warware min komai bai ci ko sisi ba. Na kira ƙanina na ce ya yi ta ƙirga ɗaya biyu uku kar ya tsaya, ni kuma na danna madannin kashe makirufo. Da a ce daga lasifika ne da amon ya ɗauke nan take. Ya ragu kaɗan amma bai tafi ba, ya ce yaya har yanzu ina jin kaina. Shi ke nan na gane akwai na cikin igiya.

Sai na tuna yadda na yi haɗin. Don duk soket ɗin gidan su yi aiki, na cusa akwatin a soket na bango, gidan kuma tsoho ne, igiyoyi sun bi ta ƙarƙashin kafet zuwa sama zuwa kicin, wasu ma ba a jona komai a kansu ba. Na zare, na ɗauko wata tsohuwar waya mai igiya na jona ta kai tsaye da akwatin. Ƙanina ya ce ya ragu sosai. Daga nan na shiga setin ɗin akwatin ta kwamfuta, a nan na ga babban abin: awon layin yana kan 600 ohm, wanda shi ne na Amurka, alhali wayoyin Ingila an ƙera su ne a kan wani awo daban, a jerin za ka gan shi an rubuta 370+620||310nF, wasu akwatunan kuma sunan ƙasar kawai za ka zaɓa. Na canza. Na duba mai soke amo yana kunne, na rage ƙarfin sautin da ke fita zuwa wayar da 3 dB tunda mai shi na farko ya ɗaga shi. Abu ɗaya nake taɓawa in kira, in sake taɓa ɗaya in kira, don in ka canza uku lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba, yaron nan ya ƙirga har ya gaji ranar.

Saura na hansfiri, wannan kam ba setin da zai gyara shi gaba ɗaya a wayarmu mara igiya, makirufo da lasifikar sun yi kusa da juna da yawa. Yara kuma su uku kowa na son ya ji Hajiya lokaci guda. Dole na sa doka, ɗaya bayan ɗaya, waya a kunne, ƙara a tsakiya.

Juma'ar da ta biyo baya ban gaya mata na yi komai ba, na kira kawai. Ta gaisa a taƙaice yadda ta saba a watannin nan, sai ta yi shiru, ta ce "yau babu mai kwaikwayon nawa." Daga nan ta shiga labarin bikin jikar maƙwabciyarta, da kuɗin gero, da akuyar da ta haifi biyu, minti 52 agogon wayar ya nuna, ƙaramar 'yata tana tsaye tana jan rigata tana jiran a miƙa mata.